Sabbin lotisma na Maradi, hili muke yankawa ko unguwa muke kafawa?

Jama'a duk wanda ya zaga bayan gari kwanan nan ya ga yadda gonaki ke komawa farsel, wato yankakkun filayen gina gida, yau gero ne gobe an kafa duwatsun iyaka jibi tifa ta zube yashi. Ni ban ƙi ba wallahi, gari ya cika, haya ta yi tsada, kowa na son nashi. Abin da ke damuna shi ne irin unguwar da muke samu bayan an gama ginin.

Masu cewa tsari ne ke kashe zumunci ban yarda da su ba sam. Ai Maradin da muke ciki ita kanta shatata anka yi. Tsohon garin yana can ƙasa bakin gulbi, ambaliyar 1945 ta cinye shi, sannan anka maido mutane kan tudu, Turawan Faransa sunka ja layuka miƙaƙƙu. Amma ku shiga Bagalam ko Mokoyo ko Yan Daka ko Limanci da la'asar ku gani, ga dattawa kan tabarma ƙofar zaure, ga mai ƙosai, ga yara na makarantar allo, yaro ya yi ba daidai ba duk wanda ya gan shi sai ya tsawata mishi. Dalili kuwa mutane sun hawo da sunan unguwarsu da maƙwabtansu da mai unguwarsu, ga fadar Sarki da dandalinta a tsakiya kowa ya san inda gari ya dosa.

To yanzu fa? Alhaji ya sayi farsel huɗu ya haɗe, ya ja katanga ta fi tsawon mutum biyu, ya sa ƙofar ƙarfe da mai gadi, zaure kuwa an ce tsohon yayi ne sai garaji. Maƙwabcinka ya yi suna sai dai ka gani a WhatsApp. Rabin filayen ma ba don zama anka saye su ba, jiran tsada ake, sai ka ga gida ɗaya nan ɗaya can tsakani kango da juji da ledoji.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne hilin da ake warewa a takarda don lakwal da kasuwa da wurin wasan yara, a hankali sai ka ji shi ma an yayyanka an saida. Kanibo kuwa, wato magudanar ruwa, ba a tunawa da shi sai damina ta kama, alhali mu da ruwa ya taɓa tada gari sukutum bai kamata a tuna mana ba.

Ni dai in zan sayi hili yanzu, kahin in tambayi kuran da fanfo sai an nuna min inda dandali yake da masallaci da inda za a shuka bedi, kuma in ga mutum nawa ne da gaske za su tare. Ku da kuka riga kuka koma can, akwai mai unguwa kuwa a wajenku?