Ƙwaya huɗu, ƙofa ɗaya

Kun dai ji abin da ya sami Kawu ranar Laraba, ba sai na maimaita ba. Aman jini a tsakiyar gonar shinkafa, aka ɗauko shi a babur. Ni abin da ya hana ni barci shi ne ƙullin ledar da na tarar a aljihunsa: ja ɗaya, farare biyu, da kafso ɗaya. Na kai wa mai kemis ɗin da ya ƙulla, na ce Malam, mene ne wannan? Ko gezau, wai "haɗin gajiya ne, Alhaji." Sannu babban likita! Diclofenac, ibuprofen, piroxicam, sannan aka barbaɗa asfirin kamar yaji a tsire.

Jama'a, huɗun nan ƙofa ɗaya suke rufewa. Akwai wani enzayim a jiki, COX, aikinsa ya ɗauki wani maiƙo daga bangon ƙwayoyin halitta ya mayar da shi furostagilandin, ɗan aiken da ke tayar da ciwo da kumburi da zazzaɓi. Ka toshe COX, ɗan aike bai fita ba, ciwo ya lafa. Tun 1971 wani masanin magunguna, John Vane, ya gano haka a Ingila, har ya samu kyautar Nobel a 1982. To ƙofar da ƙwaya ɗaya ta riga ta rufe, me sauran ukun za su ƙara? Ɓarna kawai.

Don ɗan aiken nan shi ne kuma ke sa ciki ya yi yauƙin da ke kare shi daga ruwan tsaminsa. Shi ke riƙe jini ya dinga isa ƙoda ranar da ka wuni kana gumi ba ka sha ruwa ba. Asfirin kuwa idan ya taɓa ƙwayoyin da ke daskarar da jini, sai an yi kusan mako kafin sababbi su maye gurbinsu. Yanzu ka ɗauki dattijo, ciki ba komai sai kokon asuba, rana tsaka a fadama, ka ɗura masa huɗu.

Na san za a ce talaka ne, ina kuɗin asibiti. Ledar jinin da aka ƙara masa kyauta aka ba mu? Wani kuma ya ce ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, amma ba ita ta ƙulla ledar ba. Ku duba, masana da duk kayan bincikensu sun yi dabarar toshe COX-2 kaɗai, wato nau'in COX ɗin da ya fi tayar da ciwo da kumburi, don a bar ciki ya huta, aka fito da maganin Vioxx a 1999, a 2004 kamfanin Merck ya janye shi saboda bugun zuciya. Su ke nan da suka auna. Mai kemis ɗin namu kuwa da idonsa yake aunawa, gwargwadon kuɗinka.

Wallahi da na ga Kawu a kwance yana ce min "Ɗana, ka duba min ruwan gonar nan," sai da na fita waje.

Af, kun san indocid ɗin da ake cusawa a ƙosai don kashe ɓera? Ɗan gidan su diclofenac ne. Ni ma na sa a rumbu bara, ɓerayen suka ƙare, bana kuma sun dawo har buhun irin da na ɓoye sun huda. Wa ke da kyanwar da zai ba ni?