Bulokcen da Masu Sayar da Humra ta Waya

'Yan uwa, samarinmu na Gadarif da Fot Sudan sun damu da maganar sabuwar intanet da ba ta da mai ita, wadda za a gina a kan bulokcen, wato rajistar ciniki da kwamfutoci masu yawa ke riƙewa tare. Suna cewa idan ta kankama, mai saye da mai sayarwa za su haɗu kai tsaye, babu kamfani a tsakani. Ina goyon bayan abin, amma ba don dalilin da suke kawowa ba.

Kukan da suke ɗaukowa na Turai da Amurka ne, inda Amazon ke cire kashi 8 zuwa 15 cikin 100 a kan yawancin kayan da aka sayar a shafinsa. Mu wa ke cire mana wannan? Uwarmu da ke haɗa humra da dilka da turaren wuta, a Facebook da WhatsApp take talla, a turo mata kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, ta ɗora kaya a mota. La'ada ba ita ce ciwonta ba. Ciwonta shi ne dukiyarta da sunanta suna rataye a hannun da ba nata ba. Idan aka rufe shafinta, masu sayenta na shekaru sun watse. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu 2023, dala ba ta kai fam 600 ba. Yau ta daɗe da haura 2,000. Ta sayar da riba, ta koma sari ta tarar jarin ya zaizaye. Mai saye a Kano ko Maiduguri kuma yana son kayan, hanyar biya ta gagara sai an bi ta hannun mutum uku.

A nan nake ganin amfaninsa. Bulokcen kamar littafin bashin mai kanti ne, sai dai an kwafe shi a dubban kwamfutoci, ba mai goge layi shi kaɗai. Tun da bulokcen ɗin da ake kira Ethereum ya fito a 2015, ana iya rubuta yarjejeniya a cikinsa: kuɗin mai saye su zauna a kulle, kada a sake su sai kaya sun isa. Ga wadda aka raba da gidanta a Khartoum ta sake zama a Kasala, shaidar cinikin da ta yi da gaskiya ta biyo ta duk inda ta je. Wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma mu tuna Fabrairun 2024. Layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, wasu yankuna suka yi makonni shiru. Bankak ya gagari mutane, suka koma biyan kuɗin awa a gindin tauraron Starlink don su karɓi abin da dangi suka turo. Bulokcen a kan wannan layin yake hawa. Babu layi, babu wuta, babu shi.

Kuma kwamfuta ba ta shinshina humra. Idan aka aiko da gauraye, wa zai raba gardama? An gwada irin wannan kasuwa a 2016, sunanta OpenBazaar, ba la'ada, da kuɗin intanet na Bitcoin ake biya. Su ma sai da suka sa mutum na uku mai sasanci, wanda sa hannunsa ke sakin kuɗi idan an saɓa. A 2021 kamfanin da ke riƙe da ita ya janye, don masu saye ba su zo ba. USDT ɗin da samari ke gudu gare shi ma, wato kuɗin intanet da aka ɗaure darajarsa da dala, kamfanin Tether da ke fitar da shi na iya daskarar da asusu, kuma Babban Bankin Sudan ya yi gargaɗi a kan irin waɗannan kuɗi tun 2022.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kalmomin sirri 12 da ke buɗe asusun mutum a bulokcen. A ƙasar da ake ƙwace waya a shingen hanya, wanda ya rasa su ya rasa komai, ba ofishin da zai kai kuka.

Don haka samarinmu masu ilimin kwamfuta, ku bar tallan sabbin sulallan intanet. Ku zauna da dattawan kasuwar riɗi da ƙaro, waɗanda aka yarda da hukuncinsu, ku sa su zama masu sasancin. Ku gina manhajar da za ta yi aiki a ƙaramar waya da raunannen layi, da Hausa da Larabci, wadda amintattu uku daga dangi za su iya dawo wa mace da asusunta idan wayarta ta salwanta.