Ƙwayar sanƙarau ba ta san gaggawar digiri ba

Ɗan ƙanwata ya zo gida yana huci, wai kwamitin da ke tantance haɗarin bincike ya danne masa dosiye. So yake ya raini ƙwayar sanƙarau a labo don kundin kammala karatu, aka ce sai ya rubuta inda zai ajiye ta, wa ke riƙe makulli, da yadda zai kashe ta in ya gama. "Kawu, wannan ai iyayin Turawa ne, mu da muka tashi cikin ƙura." Da daga bakinsa kaɗai na ji, da na kawar da kai. Amma har manya masu digiri a fada waƙar da suke rerawa ke nan.

To, a Damagaram za a raina sanƙarau? Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar nan, 18 suka rasu, Dungas ta fi jin jiki. Ƙwayar da ta yi wannan ɓarna ita ce ɗalibi zai tara a faranti, ya buɗe a ɗakin da fanka ke kaɗawa.

Turawan da ake yi wa gori ma sai da suka ji a jika. A 1978, a Jami'ar Birmingham ta Ingila, agana ta kashe wata mai ɗaukar hoto da ke aiki a benen saman labon da ake binciken ƙwayar agana. Aikinta hoto ne, ba ruwanta da binciken. Wannan shi ne abin da masu gaggawa ba sa son ji: mai binciken yana da safar hannu da takunkumi, tsohon da ke sharar ɗakin da asuba silifa kawai gare shi. Sai yaran da ke tonon juji, allura ta zame musu abin wasa. Wa ya nemi yardarsu?

Tukunyar tururin da ke kashe ƙwayar sai ta kai zafin digiri 121, ta kuma daɗe a hakan. Ruwa take sha, kuran take ci. A garin da 'yan garuwa ke kwana a bakin famfo, garin da ya ga yadda Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023, tambayar "in wuta ta ɗauke fa?" ita ce ɓata lokaci? Haba!

Masu cewa a tattara komai a kai cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai, kusan kilomita 900, sun yanke mana hukuncin zama 'yan aike har abada, ba sai na tsaya kansu ba.

Kwamitin ma bai tsira a wurina ba, in dai daga ofis yake buga hatimi. A sa takalmi a je labon, a murɗa famfo, a tayar da janareta, a bi bokitin shara har inda ake ƙona shi. Ɗan ƙanwata kuwa na ce ya koma ya cike takardar, ya fara da tambayo sunan tsohon da ke share musu ɗaki.