Asusun ritaya, haraji, da shekaru goman ƙarshe

Wani abokina ya kira ni makon jiya yana neman shawara. Yana so ya kwashe abin da ya tara a asusun ritaya ya zuba a wata harka, domin a cewarsa shekara takwas yana zubi bai ga wani abin a zo a gani ba. Na ce ya ba ni kwana ɗaya in zauna da lissafi. Abin da ya fito min shi ne zan rubuta a nan, don na san ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba.

Mu ɗauka ka ajiye dala 1,000 a jarin da ke kawo ribar kashi 7 cikin 100 duk shekara, ka bar ribar a ciki tana haihuwa. Wannan kashi 7 misali ne kawai, kasuwa ba ta yi wa kowa alkawari. Bayan shekara 10 kuɗin ya kusa 2,000. Bayan 20 ya kai wajen 3,870. Bayan 30, 7,600. Bayan 40, kusan 15,000. Ka sake duba lambobi biyun ƙarshe. Abin da shekaru goman ƙarshe suka ƙara ya kusa kai duk abin da talatin na farko suka tara. Masu lissafin kuɗi suna da wata dabara mai sauƙi: ka raba 72 da yawan ribar, za ka ga shekarun da kuɗi ke ɗauka kafin ya ninka. A kashi 7, shekara goma da 'yan watanni.

To ina haraji ya shigo? Ka yi tunanin makiyayin da ake karɓe wa ɗaya cikin kowane 'yan raguna huɗu da aka haifa masa a shekara. Abin da ya rasa ya wuce ɗan ragon da aka ɗauka, ya rasa 'ya'yansa da jikokinsa da ba a haifa ba tukuna. Haka harajin shekara-shekara ke yi wa jari. Idan ana yankar kashi 25 cikin 100 na ribarka kowace shekara, kashi 7 ɗin nan ya koma 5.25. Ido ba ya ganin bambancin a shekarar farko, ko ta biyar. Amma ɗauki mutum biyu da kowannensu ya samu dala 1,000 a albashi. Na farko ya biya haraji, ya zuba 750 a asusun da ake yankar ribarsa duk shekara; bayan shekara 40 yana da kamar 5,800. Na biyu ya zuba 1,000 ɗin gaba ɗaya a asusun da aka jinkirta wa haraji, ya biya kashi 25 ranar fitarwa. Ya tashi da kamar 11,200. Jari iri ɗaya, shekaru iri ɗaya, kusan ninki biyu.

Gwamnatoci sun san wannan, shi ya sa suka buɗe irin waɗannan ƙofofi don mutane su tanadi tsufansu da kansu. A Amurka asusun IRA ya zo da dokar 1974, sanannen asusun ritayar ma'aikata da ake kira 401(k) kuma ya samo sunansa daga wani sashe na dokar haraji da aka ƙara a 1978. A 1997 aka kawo Roth IRA, mai ɗauke da sunan Sanata William Roth, inda ake biyan haraji tun farko, a fitar da kuɗi a tsufa ba tare da an taɓa shi ba. Kanada tana da asusun ritaya mai suna RRSP tun 1957, ta ƙara asusun ajiya mai suna TFSA a 2009. Ingila ta fara nata asusun ajiyar, ISA, a 1999. Sunaye daban-daban, amma hanya biyu ce: ko ka biya yanzu, ko ka biya daga baya.

Mutane na ta gardama a kan wacce ta fi, har zumunci ya nemi ɓaci. Abin dariyar shi ne, idan kason harajinka a yau da na ranar ritaya ɗaya ne, sakamakon ɗaya ne cif. Wanda ya biya 250 tun farko ya bar 750 ta girma shekara 40 a asusu irin na Roth da ba a yankar ribarsa, shi ma 11,200 zai samu. Gardamar tana da amfani ne kawai idan kana zaton harajinka zai hau ko zai sauka, kuma wa ya san dokar da za a yi bayan shekara talatin? Ni dai ban ga abin ɓata dare a nan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin da kamfanin da ke juya asusun ke cira. Kashi 1 cikin 100 a shekara ba ya tsorata kowa, mutum zai sa hannu ko karantawa bai yi ba. Amma ya mayar da kashi 7 zuwa 6, kuma 15,000 ɗin nan ta koma wajen 10,300. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi shiru. Ka tsere wa mai karɓar haraji, ka faɗa hannun wanda ba ya ko sallama. Ga kuma hauhawar farashi: idan tana kashi 3, ƙarfin kuɗinka na raguwa da rabi cikin shekara 24, saboda haka manyan lambobin can ba su kai yadda suke walƙiya ba.

Ba zan ce tsarin ba shi da aibu ba. Mai babban albashi ya fi cin moriyar rangwamen harajin, wanda ke fama da cin yau da na gobe kuwa ba shi da rarar da zai kulle. Kuma kullewar gaske ce: a Amurka wanda ya cire kafin shekara 59 da rabi yakan biya tarar kashi 10 na abin da ya cire, ƙari a kan harajin da ke kansa, in ban da wasu uzurori da doka ta yarda da su. Da can ina ganin tarar nan zalunci ce. Yanzu ina ganin ita ce katangar da ke raba mutum da kansa ranar da wata harka ta yi masa ƙyalli.

Na mayar wa abokina kira na ce masa dala 1,000 a shekara ta takwas ba ta wuce 1,720 ba, don haka ba mamaki bai ga komai ba, bai kai inda ake gani ba ne. Ya yi shiru, sannan ya ce zai sake tunani. Na ce kafin nan ya turo min takardar da ke nuna nawa ake cire masa a shekara. Har yanzu yana nemanta.