Ihun da aka yi wa Robb Stark daban, wanda aka yi wa Daenerys daban

Duk wanda ya taso yana zuwa gidan kallo ya san dokar da ba a rubuta ba: akta ba ya mutuwa, in ma zai mutu sai ya ga bayan bos tukuna. Da irin wannan zuciyar miliyoyin mutane suka zauna kallon shirin Game of Thrones mai dogon zango lokacin da tashar HBO ta Amurka ta fara haska shi a watan Afrilun 2011. Sean Bean, fitaccen ɗan wasan da aka tallata shirin da fuskarsa, shi ne Ned Stark, mutumin kirki mai riƙon alkawari. A kashi na 9 aka gurfanar da shi gaban jama'a, 'ya'yansa mata biyu suna wurin. Masu kallo suka yi ta jiran wanda zai zo ya cece shi, har takobi ya sauka a wuyansa.

Shekara biyu bayan nan aka yi wadda ta fi. A ranar 2 ga Yunin 2013 aka nuna bikin da ya zama mayanka, wanda masu bin shirin ke kira Jan Biki: an kashe Robb, ɗan Ned, da mahaifiyarsa Catelyn, da matarsa Talisa mai juna biyu, a gidan da aka gayyace su cin tuwon aure. Da kashin ya ƙare, sunayen ma'aikata suka riƙa wucewa shiru, ba kiɗa. Waɗanda suka karanta littafin George R. R. Martin, marubucin da aka ɗauko shirin daga littattafansa, sun san da zuwan wannan rana tun 2000, suka kama bakinsu shekara da shekaru. A daren sai wasunsu suka saita wayoyi suna ɗaukar 'yan uwa da abokai. Hotunan suka cika YouTube: wannan ta toshe baki, wancan ya miƙe yana zagin talabijin, wata ta rantse ta bar kallo har abada. Mako na zagayowa aka ga kowa a mazauninsa.

Wannan komawar ce abin lura a wurina. Sau da yawa ana cewa shirin ya yi tashe ne don ba ya tausayin kowa. Ban yarda ba. Kashe jarumi ba wuya, ko marubucin da bai iya komai ba zai iya. Abin da ya riƙe mutane shi ne, bayan an gama kuka, in ka waiwaya sai ka ga sawun mutuwar tun daga nesa. Ned da bakinsa ya je ya gaya wa sarauniya Cersei cewa ya gano asirin 'ya'yanta, don ya ba ta damar gudu da su, ita kuwa ta yi amfani da lokacin ta ɗaure shi. Robb ya yi wa tsoho Walder Frey alkawarin auren 'yarsa domin a bar rundunarsa ta ƙetare gada, ya zo ya auri wadda zuciyarsa ke so. Ya fille kan Rickard Karstark, ɗaya daga cikin manyan mabiyansa, mayaƙan gidan Karstark suka watse suka bar shi, dole ta sa ya koma neman taimako wurin Walder Frey ɗin da ya wulaƙanta, a gidansa kuma aka yi Jan Biki. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Amma ba kisan kaɗai ya girgiza mutane ba, cin amanar ne. A duniyar labarin, wanda ya ci gurasarka da gishirinka ya shiga amanarka, ba ka taɓa shi a ƙarƙashin rufinka. Bahaushen da ya san "baƙonka annabinka" ba sai an yi masa dogon bayani ba. Martin ma ba daga sama ya ɗauko ba, ya faɗa cewa tarihin Sikotilan ya duba. A 1440 an gayyaci matashin shugaban gidan Douglas da ƙaninsa cin abinci a fadar Edinbura, aka fitar da su aka sare su. A 1692 kuma, a Glencoe, sojojin da dangin MacDonald suka saukar, suka ciyar kusan mako biyu, su ne suka tashi da asuba suka karkashe masu masaukinsu. Marubucin ya ce babin Jan Biki sai da ya tsallake shi, ya gama sauran littafin, sannan ya dawo ya rubuta.

Inda nake ganin masu shirin, David Benioff da D. B. Weiss, suka fara zamewa, a wannan daren ne da suka fi samun yabo. A littafi matar Robb ba ta je bikin ba, ba a kuma kashe ta ba. Su suka kawo ta, suka mai da ta mai juna biyu, suka sa aka fara da daɓa mata wuƙa a cikin. Ya yi aiki, har waɗanda suka karanta littafin sun razana. Sai dai alama ce ta cewa ihun mai kallo ya soma zama abin nema a karan kansa. Daga 2015 shirin ya cim ma littattafan, waɗanda biyar kawai suka fito, na ƙarshe a 2011. Aka kashe Jon Snow, ɗaya daga cikin manyan jaruman shirin, a ƙarshen zango na 5, aka yi kusan shekara ana musu a intanet, aka tashe shi a kashi na biyu na zango na 6. Wataƙila Martin ma haka ya tsara. Ko ma dai yaya, daga nan tsohuwar dokar gidan kallo ta dawo ta bayan gida: a babban yaƙi da rundunar matattu a 2019, sau nawa aka nuna gawawwaki sun lulluɓe wani jarumi, kyamara ta juya, ta dawo ta same shi da ransa?

Sannan aka zo kan Daenerys. Matar da aka shafe shekara takwas ana bi tana 'yanta bayi, ta hau dodonta mai aman wuta ta ƙone birni bayan an buga ƙararrawar miƙa wuya, a kashi na gaba Jon ya soke ta. Masu kare shirin suna cewa alamun suna nan tun farko, kuma suna da hujja: ta gicciye masu bayi a birnin Meereen, ta ƙone Randyll Tarly da ɗansa don sun ƙi durƙusa mata. Na yarda an shuka. Amma tsakanin kashe abokan gaba da babbake mata da yara akwai tafiya mai nisa, masu shirin kuwa suka yi ta a kashi biyu, a zangon da duka-duka kashi shida ne.

Dubi yadda martanin ya bambanta. A 2013 mutane sun zagi Walder Frey da Roose Bolton da suka kitsa kisan Robb, wato suna cikin labarin tsundum. A watan Mayun 2019 marubuta aka zaga. Fiye da mutum miliyan 19 suka kalli kashin ƙarshe a Amurka a daren farko, yayin da takardar koke a shafin Change.org, mai neman a sake yin zangon da wasu marubutan, ta tara sa hannu sama da miliyan ɗaya da rabi. Ni ban sa hannu ba, don ba na ganin mai kallo yana da ikon ya umarci mai labari ya canza masa ƙarshe. Fushin dai na fahimce shi. HBO ba ta sake komai ba, littafi na shida kuma, wanda zai nuna ta wace hanya Martin ya so a bi, masu karatu suna jiransa tun 2011.