Wakilin AI ba ya ganin abin da ke cikin kayan aikinsa

Masu haɗa manhaja da yawa suna ɗauka cewa in kayan aikin (ƙaramar manhaja mai yin wani aiki) da suka rubuta wa wakilin ƙirƙirarriyar basira (AI mai aiwatar da ayyuka a madadin mutum) yana tafiya daidai, bayaninsa ko layi ɗaya ne ya wadatar. Ba haka ba ne. A tsarin MCP, ƙa'idar haɗa wakilan AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, abin da ke isa ga wakilin shi ne sunan kayan aikin, da bayaninsa, da jerin abubuwan da zai cike. Rubutun manhajar da ke cikin kayan aikin kuwa a rufe yake gare shi.

Ɗauki kayan aikin duba jiragen sama da aka rubuta masa "saka rana" kawai. Wakilin ya saka 03/04. A Amurka 4 ga Maris ke nan, a Ingila 3 ga Afrilu. Manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, matafiyi ne zai sha wahala. Wannan ya fi damuna, domin kuskuren ba ya nuna kansa.

Saboda haka daɗin karatu ba ya auna bayani. A ba wakilin ayyuka na gaske, a bi sawunsa: wane kayan aiki ya ɗauka, me ya cike, a ina ya rikita biyu masu kama da juna. Nan ne wurin gyara.