Toronto da Golden State: Ba Dawowar Durant Ce Babbar Damuwata Ba

Da ƙarfe 2 na daren Alhamis, wayewar garin Juma'a 31 ga Mayun 2019 agogon Najeriya da Nijar, za a fara jerin wasannin ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta NBA ta 2019 tsakanin Toronto Raptors da Golden State Warriors, kuma ƙungiyar da ta riga cin wasa 4 cikin 7 ita za ta ɗaga kofi. Tun da aka kafa Toronto a 1995 ba ta taɓa kaiwa wannan mataki ba, kuma wannan ne karo na farko da za a buga wasan ƙarshe na NBA a wajen Amurka. Ita kuwa Golden State karo na biyar ke nan a jere, ta ci kofi a 2015 da 2017 da 2018, yanzu kuma tana neman na uku a jere, abin da rabon da a gani tun Lakers ta 2000 zuwa 2002.

Toronto nake goya wa baya, kuma dalilina ba ɓoyayye ba ne. Shugaban ƙungiyar a 2019, Masai Ujiri, an haife shi ne a Ingila, amma a Zariya ya tashi, a can ya fara taɓa ƙwallon kwando, kuma tun 2003 gidauniyarsa ta Giants of Africa take shirya wa yaran nahiyarmu sansanonin horo. Shi ne ya yi ƙarfin halin da mutane da yawa suka kira rashin imani a 2018: ya sallami koci Dwane Casey a kakar da aka zaɓe shi gwarzon masu horarwa, ya ɗora mataimakinsa Nick Nurse wanda bai taɓa jagorantar wata ƙungiya a NBA ba, sannan ya miƙa wa San Antonio DeMar DeRozan, ɗan wasan da mutanen Toronto suka fi ƙauna, ya karɓo Kawhi Leonard da ya buga wasa 9 kacal a kakar da ta gabata, ga shi saura shekara guda a kwantiraginsa. Duk wanda ya ga yadda LeBron James da Cleveland suka fitar da Toronto shekara uku a jere, biyu na ƙarshe ba tare da ta ci ko wasa ɗaya ba, ya san ci gaba da tafiya a kan waccan hanya ba zai kai ko'ina ba. Ko da wannan jeri ya ƙare ba yadda muke so ba, ina nan a kan cewa Masai ya yi daidai.

Abin da na fi ji daga bakin 'yan uwana magoya bayan Toronto a kwanakin nan shi ne fargabar Kevin Durant, tauraron Golden State. Ya ji rauni a tsokar bayan ƙwaurinsa a wasa na biyar da Houston, an tabbatar ba zai buga wasan farko ba, shi ya sa kowa ke lissafin cewa dole mu ci wasa biyu na gida kafin ya dawo, domin da zarar ya dawo magana ta ƙare. Na fahimci wannan tsoro. Mutumin nan shi ne gwarzon wasannin ƙarshe a 2017 da 2018, kuma kafin raunin yana cin sama da maki 34 a kowane wasa. Sai dai a ganina tsoron ya sa mun manta da ƙungiyar da za ta fito fili a daren Alhamis, alhali ita ce ta fi cancantar a ji tsoronta. Tun da Durant ya fita Golden State ba ta yi rashin nasara ba. A wasa na shida a Houston, Stephen Curry, ɗayan tauraron nasu, ya tafi hutun rabin lokaci ba shi da maki ko ɗaya, ya dawo ya zuba 33. Suka share Portland 4 da 0, kuma a wasa uku na ƙarshe sai da aka ba su tazarar maki 17 ko fiye kafin su farfaɗo su ci. A wannan jeri na Portland Curry bai taɓa cin ƙasa da maki 36 ba.

Idan Durant yana fili, sau da yawa ƙwallon yakan tsaya a hannunsa, kuma Toronto tana da wanda za ta ɗora masa, wato Kawhi, wanda sau biyu ana zaɓensa gwarzon masu tsaro. Idan ba ya nan, sai su koma salon da suka ci kofin 2015 da shi, wanda babu mutum ɗaya da za a tsare a ce an gama. Draymond Green zai zo ya tare wa Curry mai tsaronsa can nesa da kwando, masu tsaro biyu su yi kan Curry don gudun jifan maki uku, shi kuma ya cilla wa Draymond ƙwallon ta samansu, nan take Draymond ya gangaro da gudu su huɗu a kan masu tsaro uku. Daga nan ko dai ya ɗaga wa Kevon Looney a bakin kwando, ko ya miƙa wa Klay Thompson da ke jira a kusurwa. Marc Gasol, wanda Masai ya ɗauko daga Memphis a watan Fabrairu, ya yi aiki mai kyau a kan Nikola Vucevic na Orlando da Joel Embiid na Philadelphia, amma waɗannan manya ne masu tsayawa kusa da kwando. Yanzu za a jawo shi fili yana da shekara 34 a ce ya bi Curry, kuma yadda zai jure wannan shi ne zai nuna ko Nurse zai iya barinsa a fili a mintunan ƙarshe ko sai ya koma ga Serge Ibaka.

Masu kafa hujja da cewa Toronto ta doke Golden State sau biyu a kakar bana su yi haƙuri, wannan ba ma'auni ba ne. A wasan Nuwamba da aka tashi 131 da 128 bayan ƙarin lokaci Curry bai buga ba, a na Disamba a Oakland, gidan Golden State, kuma Kawhi ne bai buga ba.

Damuwata ta gaskiya tana cikin gidanmu, kuma ta fara ne daga ƙafar Kawhi. Duk kakar nan ƙungiya ta yi ta lallaɓa shi, wasa 60 ya buga cikin 82, domin a adana shi saboda irin wannan lokaci. Amma tun da aka shiga zagayen fitar da gwani ya buga wasa 18 masu nauyi, kuma a wasa na uku da Milwaukee, wanda sai da aka yi ƙarin lokaci sau biyu, ya shafe minti 52 a fili. Duk wanda ya kalli wasan ya ga yadda yake ɗingishi bayan ya sauko daga tsalle, yana komawa baya a hankali, fuskarsa ba ta nuna komai ba amma ƙafar tana nunawa. Tun daga wannan wasa aka ɗora masa tsaron Giannis Antetokounmpo, tauraron Milwaukee, kuma a lokaci guda shi ake jira ya ci maki 30. Ya yi duka biyun, Toronto ta tashi daga rashin nasara biyu ta ci wasa huɗu a jere. Ita Golden State tun 20 ga Mayu take hutawa, kwana tara cur, Toronto kuwa sai 25 ga wata ta gama. Ban manta ba kuma cewa a 2017, lokacin yana San Antonio, sun ba wannan Golden State ɗin tazarar sama da maki 20 a wasan farko, ya sauko a kan ƙafar Zaza Pachulia na Golden State idon sawunsa ya gurɗe, daga nan San Antonio ba ta ci ko wasa ɗaya ba a jerin. Ƙungiyar da aka gina a kan mutum ɗaya, lafiyarsa ita ce lafiyarta.

Abu na biyu ya fi na farko damuna, domin shi a hannun 'yan wasa yake. Kowa yana tuna jifan da Kawhi ya yi a daƙiƙar ƙarshe ta wasa na bakwai da Philadelphia, ƙwallon ya yi tsalle sau huɗu a kan ƙarfen kwando, shi yana tsugune a gefen fili yana kallo, kafin ya faɗa ciki aka tashi 92 da 90. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a wannan dare Kawhi ya yi jifa sau 39 kafin ya tara maki 41. Ba son kai ne ya sa shi hakan ba. Abokan wasansa ne suke samun fili babu kowa a gabansu, su yi jinkiri, su mayar masa da ƙwallon kamar mai miƙa garwashi. Da Philadelphia an tsira da haka da ƙyar. Da Golden State ba za a tsira ba, domin kocinta Steve Kerr zai turo masa Andre Iguodala da Klay da Draymond bi da bi, zai sa mutum biyu su rufe shi, ya ce sauran su ci idan sun isa. Kuma duk jifan da aka ji tsoron yi har ƙwallon ya ɓace, cikin daƙiƙa kaɗan zai zama maki uku a ɗaya gefen.

Saboda haka idona yana kan mutum huɗu na Toronto. Danny Green, wanda ya ci ƙwallon maki uku sau 27 a wasannin ƙarshe na 2013, hannunsa ya yi sanyi ƙwarai a jerin Milwaukee, kuma muna buƙatar ya farfaɗo. Kyle Lowry yana wasa da ciwo a babban yatsansa na hagu. Fred VanVleet ya sha wahala a farkon zagayen, sai bayan an haifa masa ɗa ya ci jifan maki uku 14 cikin 17 a wasa uku na ƙarshe da Milwaukee, kuma babu mai hankalin da zai ce a ci gaba da haka, amma ko rabinsa ya isa. Sai Pascal Siakam ɗan Douala ta Kamaru, wanda bai fara ƙwallon kwando ba sai da ya kusa shekara 18, yau ga shi zai yi gaba da gaba da Draymond. A kansa na fi sa rai, domin yana da gudu da tsawon da za su tilasta wa Draymond tsayawa a kansa maimakon yawo yana taimakon wasu. Rashin OG Anunoby, wanda aka yi wa tiyata a watan Afrilu, ya rage mana mai tsaro guda da zai yi amfani sosai a nan.

Duk da haka ina da dalilan kyautata zato. Toronto ta gama kaka da nasara 58, Golden State da 57, kuma wannan wasa guda shi ya ba mu fara jerin a gida da kuma wasa na bakwai idan an kai can. A shekara huɗu da suka wuce Golden State ce kullum take da wannan dama. Tsaron Toronto ya fi duk wanda suka haɗu da shi a bana, domin shi ne ya daƙile Milwaukee mai nasara 60. Bencin Golden State, wato 'yan wasanta na canji, kuma ya yi sirara: DeMarcus Cousins ko ya dawo daga raunin cinyarsa ba zai zama a shirye sosai ba, Iguodala bai buga wasan ƙarshe da Portland ba saboda ciwon ƙafa, kuma idan aka cire Curry da Klay babu wani mai jifan nesa da za a ji tsoro. A wasa na shida da Milwaukee, Toronto tana baya da maki 15 ana dab da ƙarshen zango na uku, ta dawo ta ci 100 da 94. Ƙungiyar bara da ta sare a wannan wuri.

Akwai masu damuwa da cewa ko an ci ko ba a ci ba Kawhi zai tafi Los Angeles, yankin da ya tashi, da zarar kwantiraginsa ya ƙare. Mai yiwuwa ne, amma wannan maganar watan Yuli ce, ba ta da wuri a makon nan. Haka kuma wasa biyu na farko sun faɗo a goman ƙarshe na azumi, daidai lokacin tahajjud, don haka ina roƙon 'yan uwa kada ƙwallo ya ci musu waɗannan darare, ana iya kallon maimaici da rana.

Hasashena shi ne Toronto za ta ɗauki kofi a wasa na bakwai, ranar 16 ga Yuni a gida, ko Durant ya dawo ko bai dawo ba, matuƙar ƙafar Kawhi ta riƙe. Na san yawancin masu sharhi Golden State suka zaɓa, kuma ba su yi rashin hankali ba. Idan a zangon farko na daren Alhamis aka rufe Kawhi ya fitar da ƙwallo, Gasol ko Danny Green suka ɗaga suka jefa ba tare da waiwaye ba, ko bai shiga ba, zan tsaya a kan wannan hasashe har ƙarshe. Idan kuwa suka sake mayar masa da shi, Golden State za ta gama da mu a wasa na shida a Oakland.